Iskar da ake binnewa a rijiyoyin mai: maganin ɗumamar yanayi ko dabarar ƙara haƙo mai?

A shekarar 1972, a wani filin mai da ake kira SACROC a yammacin jihar Teksas ta Amurka, injiniyoyi suka soma wani aiki da ya saɓa wa abin da aka saba gani. Maimakon su zuƙo abu daga ƙasa, sai suka riƙa ɗura iskar kabon-dayoksaid cikin rijiyoyin da man su ya fara ja da baya. Ba maganar muhalli ce ta sa su ba, domin a wancan zamani ɗumamar yanayi ba ta shiga bakin jama'a ba tukuna. Mai suke nema, kuma sun same shi. Fiye da shekara 50 bayan haka, filin yana nan yana ba da mai.

A yau wannan dabara ta samu sabon suna da sabon matsayi. Manyan kamfanonin mai da gwamnatoci suna gabatar da ita a tarukan sauyin yanayi a matsayin hanyar kama iskar da ke ɗumama duniya a binne ta inda ba za ta sake fitowa ba. Masu fafutukar kare muhalli kuwa suna cewa an dai sauya wa tuwo suna. Kafin a gane inda gaskiya take a tsakanin ɓangarorin biyu, sai an fara sanin yadda mai yake kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ke rage a rijiya

Da yawa suna ɗauka cewa ɗanyen mai yana taruwa ne a ƙarƙashin ƙasa kamar ruwa a tafki, ana zura bututu ana zuƙa har ya ƙare. Ba haka abin yake ba. Man yana maƙale ne a cikin ƙananan kofofin dutse, dutsen yashi ko na farar ƙasa, tamkar yadda ruwa ke zama a cikin soso, sai dai wannan soson ba ya matsuwa, kuma kofofinsa galibi sun fi kan allura ƙanƙanta.

Idan aka huda sabon fili, matsin da ke ƙasa shi ke turo man sama da kansa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Wannan mataki ba ya daɗewa, kuma abin da ake samu da shi bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari na man da ke wurin ba. Daga nan sai a koma tura ruwa ko iskar gas ta wasu rijiyoyi domin su koro man zuwa rijiyoyin da ake ɗiba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gun masu ƙuli-ƙuli ya ga irin wannan: sai an yayyafa ruwan zafi ana juya markaɗen kafin man gyaɗa ya saki. Da wannan mataki na biyu akan kai kashi 20 zuwa 40. Ke nan a mafi yawan filayen da ake cewa sun ƙafe, fiye da rabin man yana nan a ƙasa. An san yana nan, an san adadinsa, amma ruwa ba ya iya ɓamɓaro shi.

Dalili kuwa sananne ne ga kowane bakanike. Baƙin mai ba ya fita daga hannu da ruwa zalla, amma da an zuba kananzir sai ya narke ya bi shi. Ruwa da mai ba sa gauraya, shi ya sa ruwan da aka tura yakan bi hanya mafi sauƙi ya wuce, ya bar ɗigon mai a maƙale a lungunan dutse. Abin da ake buƙata shi ne wani abu da zai yi wa ɗanyen mai irin abin da kananzir ke yi wa baƙin mai, kuma ya kasance mai arha da za a iya samun miliyoyin tan nasa.

A nan iskar kabon ta shigo. Tana da wata ɗabi'a ta musamman: idan zafi ya wuce digiri 31 a ma'aunin Salshiyos, matsi kuma ya ninka na iskar da ake shaƙa kimanin sau 73, sai ta koma wani hali da ba ruwa ba ne, ba kuma iska ba. Takan yi nauyi kusan kamar ruwa, amma ta riƙa ratsa kofofin dutse cikin sauƙi kamar iska. Ana samun wannan yanayi da zarar an zarce zurfin kimanin mita 800. Tan guda na iskar, wanda a doron ƙasa zai cika fili fiye da kubik mita 500, a can ƙasa ba ya wuce kubik mita biyu ko uku. A wannan hali takan narke cikin ɗanyen mai, ta kumbura shi, ta rage masa kauri, har ya saki dutsen ya gangara zuwa rijiya. Don kada iskar ta yi gaba ta bar man a baya, akan riƙa tura ta bi da bi da ruwa: iska na ɗan lokaci, ruwa na ɗan lokaci.

Wani ɓangare na iskar yakan dawo sama tare da man. Tun da sayen ta aka yi da kuɗi, ba a barin ta ta tafi. Akan raba ta da man, a sake matse ta, a mayar da ita ƙasa. A kowane zagaye wani kaso yakan maƙale a dutsen, har a wayi gari kusan duk abin da aka saya ya zauna can. Wannan shi ne asalin da'awar cewa haƙo mai ta wannan hanya binne kabon ne. Aikin yana da wahalarsa, domin iskar kabon idan ta haɗu da ruwa takan zama tsami mai cin ƙarfe, don haka sai an busar da ita kafin ta shiga bututu, an kuma yi wa rijiyoyi shiri na musamman.

Daga ina iskar take?

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce inda aka samo iskar da ake turawa. Shekaru da dama, mafi yawan iskar kabon da kamfanonin Amurka suka yi amfani da ita ba daga hayaƙin masana'antu aka kamo ta ba. Haƙo ta aka yi daga wasu rumbuna na halitta inda ta kwanta miliyoyin shekaru, irin su McElmo Dome a jihar Kolorado, da Bravo Dome a New Mexico, da Jackson Dome a Misisipi. Daga McElmo kaɗai akwai bututu mai tsawon kimanin kilomita 800 da ke kai ta filayen man Teksas. A irin wannan hali, an ciro iska daga wani rami ne an zuba a wani, sannan an samu ƙarin mai da za a ƙona. Sararin samaniya bai ragu da komai ba, ƙaruwa ma ya yi.

Ko da an kamo iskar daga masana'anta, lissafin bai zama mai sauƙi ba. A ƙididdigar Hukumar Makamashi ta Duniya, akan tura kilo 300 zuwa 600 na iskar kabon kafin a samu ƙarin ganga ɗaya ta mai. Ita kuwa ganga ɗaya, idan aka ƙona ta, tana fitar da sama da kilo 400, in aka haɗa da abin da haƙowa da tacewa ke fitarwa sai a doshi kilo 500. Wato a mafi kyawun yanayi abin da aka binne ya ɗan ɗara abin da aka fitar, a wani yanayin kuma bai kai ba. Masu goyon baya suna cewa wannan gangar ta maye gurbin wata ce da za a haƙo a wani wuri ba tare da an binne ko kilo ɗaya ba, don haka an ci riba. Masu suka suna cewa ƙarin mai a kasuwa yana sauko da farashi, saukar farashi kuma tana ƙara yawan ƙonawa: ana maganin ƙaba, kai na kumbura. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ba a musu a kansa shi ne, ba za a kira wannan hanya tsabtace sararin samaniya ba. Iyakarta rage ɓarnar ganga, idan an yi ta da iskar da aka kamo, an kuma auna abin da ya zauna a ƙasa.

Ba Amurka kaɗai ke wannan aiki ba. Tun shekarar 2000 filin Weyburn na Kanada ke karɓar iskar kabon ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 320 daga wata masana'antar sarrafa kwal a jihar Dakota ta Arewa. Kamfanin Aramco na Saudiyya ya fara nasa a Uthmaniyah a 2015, Abu Dhabi kuma a 2016 da iskar da ake kamowa daga masana'antar ƙarfe. Kamfanin Petrobras na Birazil, wanda gas ɗinsa na cikin teku ke fitowa da kabon mai yawa, ya mayar da fiye da tan miliyan 10 ƙasa a 2022 kaɗai.

Binnewa zalla

Akwai hanya ta biyu, wadda ba ruwanta da haƙo mai. A 1991 ƙasar Norwe ta ɗora haraji kan iskar kabon da kamfanonin mai ke fitarwa a teku. Gas ɗin da ake samu a filin Sleipner, a Tekun Arewa, yana ɗauke da kabon kimanin kashi 9 cikin ɗari, masu saye kuma ba sa karɓar wanda ya wuce kashi 2.5. Dole ne a cire shi ko ana so ko ba a so. Da kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya buga lissafi, sai ya ga binne iskar ya fi biyan haraji sauƙi. Daga 1996 ya fara tura kusan tan miliyan ɗaya a shekara cikin wani shimfiɗaɗɗen dutsen yashi mai cike da ruwan gishiri, kimanin kilomita ɗaya a ƙarƙashin ƙasan teku. Ba tausayin duniya ne ya haifi wannan aiki ba, haraji ne.

Abin da ke riƙe iskar a irin wannan wuri hawa-hawa ne. Da farko akwai murfi, wato shimfiɗar dutsen laka mai tauri da ba ta da kofofin da iska za ta bi, irin murfin da ya tsare mai da gas tun fil azal. Sannan yayin da iskar ke ratsa dutsen, wani kaso yana maƙalewa a kofofi. Da tafiya ta yi nisa sai ta narke a cikin ruwan gishirin, ruwan ya ƙara nauyi ya nutse ƙasa. A ƙarshe, bayan ɗaruruwa ko dubban shekaru, wani ɓangare ya haɗu da ma'adinai ya zama dutse. A ƙasar Aisland, inda ake tura iskar a narke cikin ruwa zuwa dutsen aman wuta, wani gwaji ya nuna cewa fiye da kashi 95 cikin ɗari ya daskare ya zama dutse cikin ƙasa da shekara biyu. Ke nan haɗarin yoyo ya fi yawa ne a shekarun farko, yana raguwa da tsawon zamani.

Sai dai ƙarƙashin ƙasa ba ya bin zanen da aka yi a ofis. A In Salah, cikin hamadar Aljeriya, kamfanonin BP da Statoil da Sonatrach sun tura kimanin tan miliyan 3.8 daga 2004. Tauraron ɗan'adam ya hango ƙasar da ke saman rijiyoyin tana ɗan tasowa, bincike kuma ya nuna alamun matsin ya fara tsattsaga ƙasan murfin. A 2011 aka dakatar da aikin. Iskar ba ta ɓalle zuwa sarari ba, amma darasin ya fito fili. A Ostireliya kuwa, aikin Gorgon na kamfanin Chevron, wanda aka tsara zai riƙa binne har tan miliyan 4 a shekara, ya fara a makare a 2019, kuma ya kasa kaiwa abin da aka yi alkawari saboda matsalar matsin ruwa da yashi a rijiyoyi.

A tsofaffin filayen mai, babban abin tsoro ba dutsen ba ne, aikin hannun ɗan'adam ne. Kowace tsohuwar rijiya huda ce a jikin murfin. Idan simintin da aka toshe ta da shi shekaru 40 da suka wuce ya lalace, ko kuwa ba a ma san da ita a taswira ba, ta nan iskar za ta nemi hanya.

Idan ta fita da yawa a wuri ɗaya, tana kisa. Iskar kabon ba ta da launi, ba ta da wari, ta kuma fi iskar shaƙa nauyi, don haka takan kwanta a kwari ta kori iskar numfashi. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya amayar da iskar kabon ta halitta da ta taru a ƙasansa, mutum sama da 1,700 da dubban shanu suka mutu, da yawa a cikin barci. Rumbun da ke cikin dutse ba zai iya amayarwa lokaci guda irin haka ba, amma bututu yana iyawa. A watan Fabrairun 2020 wani bututun iskar kabon ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a jihar Misisipi bayan ruwan sama ya zaftare ƙasa. An kwashe mutum kimanin 200, an kai 45 asibiti, motoci kuma suka riƙa mutuwa a hanya domin injin ma sai da iskar numfashi yake aiki.

Wa zai biya?

Tura iskar ƙasa ba shi ne mai tsada ba, kamo ta ne. A masana'antar tace gas ko ta takin zamani, iskar kabon tana fitowa kusan tsantsarta, kamo tan guda kuma yana cin dala 15 zuwa 25. A hayaƙin tashar lantarki ko masana'antar siminti tana gauraye da wasu iskoki, sai an bi da hayaƙin ta cikin wani ruwan magani da ke kama ta, sannan a dafa ruwan ya sake ta, abin da ke cinye makamashi mai yawa. A nan kuɗin yakan kai dala 40 zuwa 120. Tsamo ta kai tsaye daga sararin samaniya, inda ba ta wuce kashi 0.04 cikin ɗari ba, ya fi duka tsada nesa ba kusa ba.

Mai binnewa zalla ba shi da abin sayarwa, sai dai gwamnati ta biya shi ko ta tsorata shi da haraji. Mai haƙo mai kuwa yana da ganga. Shi ya sa har yanzu kimanin kashi 70 cikin ɗari na iskar da ake kamowa a duniya filayen mai take nufa. Amma dogaro da ganga yana da nasa aibin. Aikin Petra Nova na Teksas, wanda ya ci kimanin dala biliyan ɗaya, ya fara kamo hayaƙin wata tashar kwal a farkon 2017 yana aika shi wani filin mai. Da farashin mai ya faɗi warwas a lokacin annobar korona a 2020, sai aka kashe na'urorin, tashar ta ci gaba da fitar da hayaƙinta kamar da. Sai a 2023 aka sake kunna su.

Gwamnatin Amurka ta zaɓi hanyar rangwamen haraji. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ba da dala 85 kan kowane tan da aka binne zalla, da dala 60 kan wanda aka yi amfani da shi wajen haƙo mai. A watan Yulin 2025 wata sabuwar doka ta daidaita su, mai haƙo mai ma ya koma karɓar 85. Ba abin mamaki ba ne da ExxonMobil ya sayi kamfanin Denbury, mai babbar hanyar bututun kabon a Amurka, kan dala biliyan 4.9 a 2023.

Duk da haka, girman aikin bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da matsalar. Duk masana'antun kamo kabon na duniya, in sun yi aiki yadda aka tsara, kimanin tan miliyan 50 suke iya kamawa a shekara. Abin da duniya ke fitarwa daga ƙona makamashi ya haura tan biliyan 37. A cikin kowane tan 700, kimanin ɗaya ke nan.

Inda dabarar ta fi samun hujja mai ƙarfi shi ne siminti. Fiye da rabin kabon da masana'antar siminti ke fitarwa daga jikin dutsen farar ƙasa yake fitowa idan aka gasa shi, ba daga man da aka ƙona ba, don haka ko da hasken rana aka hura wutar, iskar sai ta fito. A 2025 masana'antar siminti ta Brevik a Norwe ta fara kamo iskarta, kimanin tan 400,000 a shekara bisa tsari, ana ɗaukar ta a jirgin ruwa zuwa tashar aikin Northern Lights, daga nan bututu ya kai ta zurfin mita 2,600 a ƙarƙashin ƙasan teku. Gwamnatin Norwe ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin.

Inda Najeriya ta tsaya

An gano mai a Oloibiri tun 1956, kuma da yawa daga filayen Neja Delta sun tsufa. Man ƙasar mara kauri ne, irin wanda iskar kabon ta fi saurin narkewa a ciki, ƙasar yankin kuma shimfiɗu ne na dutsen yashi da na laka a jere, wato rumbu da murfinsa. Tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take kawarwa. Tarayyar Turai kuma daga 2026 ta fara ɗora kuɗin kabon kan siminti da taki da ƙarfe da ake shigar mata da su, abin da zai shafi duk mai son sayar mata da waɗannan kaya.

A takarda komai ya dace. A ƙasa kuwa, manyan masana'antun siminti irin na Obajana da Sakkwato da Ashaka suna nesa da filayen mai da ɗaruruwan kilomitoci, kuma bututun da zai haɗa su zai ratsa garuruwa da gonaki a ƙasar da fasa bututu ya zama ruwan dare. Wanda ya huda bututun ɗanyen mai yana samun abin sayarwa. Wanda ya huda na iskar kabon bisa kuskure zai iya kashe kansa da ƙauyen da ke kwarin da ke kusa. Akwai kuma aikin da ya fi wannan sauƙi da arha wanda ba a gama ba: tun 1979 aka yi dokar da ta umarci kamfanoni su riƙa mayar da gas ɗin da ke fitowa tare da mai cikin ƙasa, aka sa 1984 a matsayin wa'adin daina ƙona shi, amma har yau Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya a alkaluman Bankin Duniya.

Sai batun alhaki. Iskar da aka binne ana so ta zauna dubban shekaru, kamfani kuwa yakan sayar da kadarorinsa ya tafi cikin shekaru kaɗan. Tsakanin 2024 da 2025 Eni ya sayar da kamfaninsa na kan tudu ga Oando, ExxonMobil ya miƙa nasa na gaɓar teku ga Seplat, Shell kuma ya sayar wa Renaissance, tare da tsofaffin rijiyoyin da ke cikinsu. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta ce mai rumbun kabon zai ci gaba da ɗaukar alhakinsa a ƙalla shekara 20 bayan rufe shi kafin gwamnati ta karɓa, kuma sai ya ajiye kuɗin sa ido. A Amurka ƙa'idar rijiyoyin binnewa zalla ita ce sa ido na shekara 50 bayan an daina turawa, sai dai in hukuma ta amince da ƙasa da haka. Duk wata yarjejeniya da za a kawo gaban hukumar NUPRC, mai kula da haƙo mai a Najeriya, sai ta fayyace daga ina iskar za ta fito, wa zai auna abin da ya zauna a ƙasa, da kuma sunan wanda za a nema idan wata tsohuwar rijiya ta fara yoyo bayan kamfanin ya sauya hannu.